Shagon da Baba Ya Ara

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba mu wasannin kwaikwayon Amurka mu karanta, kuma a wannan shekarar ce Baffa, yayan mahaifina, ya zo aikin Hajji. Da ɗaya ne ya faru ban da ɗayan, da yau ba ni da labarin da zan bayar, kuma da na fi son haka.

A Makka aka haife ni, a Utaibiyya, a hawa na uku na wani gida da ke cikin lungun da mota ba ta shiga sai ta naɗe madubanta. Larabci na yi a makaranta, Turanci a jami'a da na samu gurbi da ƙyar, Hausa kuwa ta kicin ce, wadda na tsinta a bakin Umma tana girki. Idan na yi jimla uku, sai ka tsinci Larabci a biyu. 'Yan uwanmu na gida in sun ji ni a waya dariya suke yi, su ce Hausar Takari. Ni kuma ba na son dariya, don tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Umma ta sha cewa da bakin nan aka haife ni, sauran jikin daga baya ya biyo.

Baba ya zo Makka yana saurayi, daga wani gari kusa da Kano. Ya yi dako, ya yi ɗinki, daga ƙarshe ya samu ɗan shago a wata tsohuwar unguwa daf da Harami, yana sayar da darduma da carbi da turare. Da wannan shagon aka san shi a gida. Duk wanda zai zo Hajji daga garinsu sai an kwatanta masa wurin. To, da aka zo faɗaɗa Harami, unguwar ta tafi gaba ɗayanta. Shi haya yake yi, saboda haka abin da ya fito da shi bai wuce kwalaye ba. Ya nemi wani wurin, hayar ta fi ƙarfinsa. Ya sayar da kayan a hankali a bakin titi har suka ƙare. Sannan ya sayi keken guragu, wanda a nan muke ce wa arabiyya, ya shiga tura tsofaffin alhazai daga masauki zuwa Harami.

Bai taɓa gaya mana ba. Mu ma ba mu taɓa tambaya ba, amma duk mun sani. Kullum da safe zai fita cikin farar jallabiyar da Umma ta goge, da ƙamshin turare, ya yi mana sallama kamar mai zuwa buɗe shago. Keken yana ƙarƙashin matakalar gidan wani abokinsa, can nesa da unguwarmu, a nan yake canza kaya. Da yamma ya dawo jallabiyar tana nan fes, ƙafafun kuwa sun kumbura har takalmi ya yi musu zane. Umma ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a roba, ta ce, "Sannu da kasuwa." Ya ce, "Yauwa."

Kowace Juma'a bayan masallaci Baffa yakan kira. Shi ya riƙe Baba tun da mahaifinsu ya rasu, shi ya raka shi tasha ranar da zai taho. Tsohon malamin firamare ne, kuma a duk garin ba wanda bai san yana da ƙane mai shago a Makka ba, don ko ba ka tambaya ba zai gaya maka. "Ya kasuwa?" "Alhamdu lillahi, Yaya." Shekara shida ana wannan tambaya da wannan amsa. Idan ka duba, ko ƙarya ba a yi ba.

Ina cikin wannan gidan aka miƙo mini waɗancan littattafan. Kusan duk iri ɗaya ne: falo guda, uba da ya ƙallafa ransa a kan sai ya zama wani, uwa mai lallashi, 'ya'ya masu cin zuciya. An binne wata ƙarya a tsakiyar gidan, kowa yana kewaya ta. A can ƙarshe sai wani ɗa ya miƙe, ya faɗi gaskiya da ƙarfi, uban ya rushe, a sauke labule. Malamarmu tana cewa ba talauci ne ke halaka mutanen nan ba, shirun da suke yi ne. Na rubuta wannan a littafina, har na ja masa layi biyu. Ina karantawa ina jin kamar marubutan nan sun leƙo ta tagarmu. Na fara kallon Baba da Umma kamar mutanen cikin littafi waɗanda na riga na san ƙarshensu, su kuma ba su sani ba. Shekarata ashirin da biyu, kuma a ganina na gama gane duniya.

Da Baffa ya kira ya ce ya samu kujera, Baba ya yi ta "Masha Allahu" har ya ajiye wayar. Sannan ya zauna yana kallon bango. Ranar bai ci abinci ba.

Baffa ya iso, dogon tsoho mai farin gemu, yana dogara sanda. Sun rungumi juna a ƙofar masaukin alhazai suna kuka, ni da Umma muna gefe. Kafin hawayen ya bushe Baffa ya ce, "To, yaushe za ka kai ni shagon?" Baba ya ce a bari a sauko daga Arfa tukuna, yanzu cunkoso ya yi yawa, kuma ai shagon ya tashi daga inda yake, ya dawo kusa da gida. Wannan ce ƙarya ta farko da na ji daga bakinsa, kuma ta fito masa a karkace, kamar wanda ya taka ƙaya.

Kwanakin Mina su ne damina ga masu turin keke. Abin da aka samu a nan shi ake ci har watanni. Kuma abincin Baba a wajen alhazan Nijeriya yake, don tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Larabci, da ta ji Hausa sai ta riƙe shi, ta kuma kira ƙawayenta. A shekarar nan ko kusa da tantunansu bai je ba. Ya rufe fuska da takunkumi, ya koma can wajen mutanen da ba ya jin yarensu, yana rububin fasinja da samarin da ya isa ya haifa. Idan ya ji Hausa a bayansa a hanyar jifa sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Ya dawo gida ranar ƙarshe da ɗan yatsan ƙafa a fashe, muryarsa a dishe, ga shi bai samu rabin abin da ya saba ba. Ina kallonsa ya sa ƙafa a robar ruwan ɗumi yana cije leɓe, raina ya ɓaci. Tausayi ne, amma ni tausayina da faɗa yake fitowa.

Na samu Umma a kicin na ce, "Umma, ila mata? Har yaushe za a yi ta wannan? Mutum zai kashe kansa don kada yayansa ya san yana aikin halal?"

Ta ce, "Ke dai ba ruwanki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Wallahi shirun nan ne zai kashe mu."

"A littafi kika gani?" Ta ce ba tare da ta ɗago daga tukunya ba. "Miƙo mini ludayi."

Da aka sauko, uzuri ya ƙare. Jirgin su Baffa saura kwana takwas, kuma kullum maganar ɗaya ce. A nan ne Baba ya je wajen wani abokinsa, mutumin Damagaram, mai shagon darduma da abaya a bakin babban titin unguwarmu, ya roƙe shi aron shagon daga azahar zuwa la'asar. Ban san da wane baki ya roƙa ba. Abokin mutumin kirki ne, ya cire hoton 'ya'yansa daga bango, ya miƙa wa Baba makulli, ya tafi ya zauna a masallaci. Ni aka ce in kai shayi.

Na tarar da Baffa a kan kujera a tsakiyar shagon, ya jingine sandarsa, fuskar nan kamar an yi masa bushara da Aljanna. Yana miƙa hannu yana shafa dardumomi ɗaya bayan ɗaya. Baba yana bayan kanta a tsaye, gumi ya jiƙa masa baya duk da sanyin na'ura. Sai ga wata hajiya ta shigo tana neman abaya mai faɗin hannu. Baba ya juya dama, ya juya hagu. Ya ja wata durowa, sai ga ragowar abincin mai shagon da tabaransa. Ya rufe da sauri. Ya ja wata, igiyoyin caji ne a cukurkuɗe. Matar ta gaji ta nuna masa da kanta, ga su nan a saman kansa. Da zai sauko da su, rabin jerin ya zubo masa a ka.

Baffa ya yi dariya ya ce, "Ka ga illar barin yara su riƙe maka shago. Maigida ya manta inda kayansa suke."

Baba ma ya yi dariya. Ban taɓa jin dariya mai ciwo irin wannan ba.

Baffa ya ba ni wayarsa ya ce in ɗauke su. Na ɗauka, su biyu a gaban kanta, ya dafa kafaɗar ƙanensa. Yana karɓar wayar ya ce, "Dama akwai maganar da na zo da ita. Ɗanka na wajena, babban, koyarwar nan ba ta kai shi ko'ina. Ga mata ga 'ya'ya uku. Na ce masa ya dakata in zo in gani da idona. To, na gani. Ka nema masa takardu ya zo ya kama maka, naka sai naka."

Na kalli Baba. Na ce a raina yanzu zai faɗa, ai ba yadda za a yi. Ya ce, "To, Yaya. Allah ya shige mana gaba."

Washegari aka kawo Baffa gidanmu cin abincin rana. Umma ta tashi tun asuba, ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ƙara da shinkafa da kaza irin ta nan. Maza suna falo, mu muna kicin, ni ce mai shiga da fita da kwanuka. Na kwana ina haɗa maganata, har na san inda zan tsaya. Ina da hujja kuma, ba zan ɓoye ba: mutum zai ajiye aikinsa, da mata da 'ya'ya, saboda shagon da babu shi. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, shin Baba ba shi da tasa hanyar? Takardu kan yi shekara ba su fito ba. Ana iya cewa kafili, wato mai tsaya wa baƙo a takarda, ya ƙi. Manya suna da hanyoyi ɗari na kashe magana ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Ni ɗaya kawai na sani, ita ce ta cikin littafi.

Na shigo da ruwan wanke hannu, na ji Baffa yana cewa da ya koma zai sa yaron ya rubuta takardar ajiye aiki. Na dire butar. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Baffa, kada ya ajiye aikinsa. Ma fi shago. Khalas, an rushe shi min zaman. Na jiya na aro ne. Abuya arabiyya yake turawa."

Baba yana riƙe da loma a hannu, bai kai baki ba, bai mayar ba. A bayana na ji Umma ta saki wani abu a kicin.

Baffa ya dube ni. Idonsa bai nuna komai ba. Sannan ya juya wajen Baba yana murmushi ya ce, "Kai, wannan 'yar taka. Hausarta ta Makka ce, rabi Larabci. Ni ban kama ko ɗaya ba. 'Yata, ƙaro mana miya, Allah ya yi miki albarka."

Na sha tuna wannan lokacin fiye da duk wani abu a rayuwata. Tsohon nan ya ji komai. Malami ne da ya shekara talatin yana gane abin da yara ke nufi kafin su gama faɗa. Cikin daƙiƙa kaɗan ya auna abin, ya nemo mayafi ya rufe ƙanensa, ya rufe ni, ya ba ni aikin da zai fitar da ni daga ɗakin da mutuncina. Da na ɗauki kwanon miyar na fita, da ya koma gida ya ce wa ɗansa takardun Saudiyya sun yi wuya, ya ci gaba da kiran Juma'a yana tambayar kasuwa, su biyun suna sane, suna lallaɓa juna har mutuwa. Ko jaki aka buɗe wa ƙofa irin wannan zai bi.

Ni ban bi ba. A littattafaina, idan uba ko kawu ya yi kamar bai ji ba, nan ne ɗan yake ɗaga murya. Na ɗauka gudun gaskiya yake yi. Sai na gyara tsayuwa, na tace Hausata tsaf, na cire mata duk wani Larabci, na faɗa a hankali kamar mai karanta wa ɗan aji ɗaya:

"Baffa, na ce Baba ba shi da shago. Shekara shida ke nan. Keken guragu yake turawa, ana biyansa. Shagon jiya na abokinsa ne."

Wannan karon ba inda za a ɓuya. Murmushin ya bar fuskar Baffa. Baba ya mayar da lomar cikin kwano, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Gaskiya ta faɗa, Yaya."

Na tsaya ina jiran abin da ke biyo baya. Ina jiran kuka, ko faɗa, ko su rungumi juna. Ba abin da ya faru. Baffa ya jawo butar ya wanke hannunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ya ce sana'a ai sana'a ce, ba abin kunya a neman halal. Ya faɗa yana kallon tabarma, Baba ya amsa yana kallon tabarma. Aka yi la'asar, Baba ya raka shi ya hau mota. Ni da Umma muka kwashe kwanukan da ko rabi ba a ci ba, muka wanke. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Sai da muka gama ta ce, "Baffanki ya ba ki hanya." Ta shanya tsumma ta shige ɗaki.

Ranar ɗawafin bankwana ƙafafun Baffa sun kumbura, ba zai iya takawa daga masauki ba. Baba ya je da kekensa. A gaban mutane ya je, ba takunkumi. Wani da suke ɗaki ɗaya da Baffa ya gaya wa Umma daga baya cewa tsohon ya kalli keken ya kalli ƙanensa, ya ce shi da ƙafarsa zai je. Ya dogara sanda ya kama hanya yana hutawa a kowace inuwa, Baba yana binsa a baya da keke ba kowa a ciki. Na san Baffa don ya girmama shi ya ƙi hawa. Na kuma san yadda Baba ya ɗauke ta.

Juma'ar farko bayan tafiyarsa wayar ta yi ƙara. Baba ya duba, ya miƙa wa Umma, ya ce, "Ce masa na fita." Juma'a ta biyu ma haka. Baffa bai gaya wa kowa a gida ba, mun tabbatar da wannan, don alhazan garin sun ci gaba da zuwa suna tambayar shago. Ba fushi yake yi ba, kira yake yi. Amma me zai tambaya? Da "ya kasuwa" suke buɗe hira shekara da shekaru, na ɗauke musu ita ban ba su wata ba. Ya kira wata uku, sannan ya koma saƙon gaisuwa ta bakin mutane, sannan sallah zuwa sallah.

Na ba Baba haƙuri sau uku. Duk sau ukun ya ce, "Ai ba ki yi ƙarya ba." Bai canza mini fuska ba, bai daina sa mini albarka ba. Na gama jami'a da sakamako mai kyau, a kan wasannin nan ma na yi binciken kammalawa, malamar ta yaba. Ya zo da kwalin dabino ya raba wa maƙwabta. Amma ya daina zama a falo idan ina nan, kuma ya tsufa a shekara biyu fiye da yadda ya tsufa a shidan da suka wuce. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa zan kira Baffa da kaina in haɗa su. Kullum sai in ji tsoron bakina.

Da hantsi saƙon ya zo, a shekara ta uku. Baffa ya rasu bayan gajeriyar jinya, an riga an kai shi. Baba yana zaune a bakin gado da wayar a hannu, ya yi salati. Bai yi kuka ba. Ya ɗago ya neme ni da ido, ya miƙo mini wayar.

"Kira su ki yi musu gaisuwa," ya ce. "Ke Hausarki tana fita. Ni ba ni da bakin."

Na kira. Babban ɗan Baffa ne ya ɗauka, wanda aka so a kawo shago, har yanzu yana koyarwarsa. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Ya ce tsohon har ranar ƙarshe yana cewa a gaishe masa da ƙanensa, a ce masa ya kula da ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Ina Baban? Ba ni shi mana."

Baba yana gabana, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Ya girgiza mini kai a hankali.

Na ce, "Ya fita kasuwa. Idan ya dawo zan gaya masa."